Likitan Kankare da Ranar da Ya Ce A Mayar

Kafin injin kwaɓa siminti ya yi tarin farko da safe, Likita ya riga ya iso. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka yake. Zai jingine babur ɗinsa a jikin ɗakin mai gadi, ya kwance wata tsohuwar jakar fata daga bayan sirdi, ya rungumo ta a ƙirji, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Ba ya tsallake kowa. Mai ɗebo yashi da injiniya gaisuwa iri ɗaya suke samu a wurinsa, har da tambayar ƙafar da ta yi ciwo makon jiya. In ka ce bari ka karɓar masa jakar, sai ya yi murmushi ya kauce. Ba a taɓa ganin jakar nan a hannun wani ba, ko da kuwa tsani zai hau.

Daga nan sai ya zauna a kan bulo biyu, ya shimfiɗa tsumma, ya jera kayansa: na'ura mai ɗan gilashi a fuska, wayoyi biyu, kawuna biyu na ƙarfe kowanne kamar ƙaramin gwangwanin madara, robar giris, tef ɗin awo, alli, da littafi mai baƙin bango. Sai ya ɗauko wata 'yar sandar gwaji da ta zo tare da na'urar, ya manna mata kawunan, ya ga ko lambar da ta fito ita ce wadda aka rubuta a jikinta. Kullum ta Allah sai ya yi wannan. Na taɓa ce masa, "Haba Likita, jiya fa ka gwada ta." Ya ce, "Jiya ma ka ci abinci, Sarkin Guduma, amma ga ka da kwano yau."

Ba likitan mutane ba ne, kankare yake dubawa. Ni kuwa da yake kira Sarkin Guduma, shugaban kafintoci ne. Shekara ashirin da huɗu muna hawa gini tare, kuma rabin shekarun nan a faɗa muka yi su. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa na ari shafin nan na mujallar ƙungiyarmu ta ma'aikatan gini, don in jinjina masa, don kuma in sauke wani kaya. Akwai sunan tsokana da ake kiransa da shi a bayan ido, wani lokacin ma a gaban ido: A-Mayar. Shekara goma sha bakwai sunan nan yana bin sa, kowa ya ɗauka tambarin kuskurensa ne. Kuskuren nawa ne, kuma ba na so ya tafi gida da shi a wuya.

Bari in yi wa wanda bai saba da wurin gini ba bayanin abin da ke haɗa mu faɗa. In za a zuba dekin, wato rufin kankaren da ke zama ƙasan bene na gaba, mu kafintoci ne ke fara haɗa masa gado na katako. Mu ne kuma ke haɗa akwatunan bim, su ne gadojin kankare masu kauri da ke ɗaukar nauyin dekin daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Duka sai mu tokare su daga ƙasa da sanduna, ko'ina sanda, har mutum sai ya karkace yake wucewa. Masu ɗaure rodi su shimfiɗa ƙarfensu, a zuba kankare. Daga ranar, katakonmu ne ke goye da shi har ya yi ƙarfin tsayawa da kansa. In aka cire da wuri, ya lotsa ko ya tsage, in kuwa abin ya zo da ƙarar kwana, ya rufto a kan na ƙasa. In aka bar shi ya daɗe, aiki ya tsaya cak, domin katakon nan dai shi za mu kwashe mu hau da shi sama. Ni kullum katakona nake so a ba ni, shi kuma kullum sai ya ji daga bakin kankare tukuna.

Da can kwana ake ƙirgawa, a ce in ya kai kaza a cire. To amma kankare bai san kalanda ba. Zafi na sa shi sauri, sanyi na sa shi nawa, siminti ma kowane da halinsa. Likita ba ya ƙirga kwana. Tun kafin a zuba zai zo da zanen gini a hannu, ya duba inda rodi ya bi, ya yi mana alama da alli a jikin akwatin bim, gefe da gefe, a wurin da babu ƙarfe. Ranar awo mu yanka 'yan tagogi kamar tafin hannu daidai kan alamar, fuskar kankare ta bayyana. Sai ya shafa giris a kawunan nan biyu, ya rataya na'urar a wuya, ya rungumi bim ɗin daga ƙasa, kai ɗaya nan, kai ɗaya can. Na'urar ta aika wata ƙara da kunnen mutum ba ya ji, ta ratsa kankaren, gilashin ya nuna lokacin da ta ɗauka. In kankare ya haɗe jikinsa ya yi ƙarfi, ƙarar na wucewa da gudu. In ɗanye ne, ko akwai rami a ciki, sai ta yi ta jan ƙafa. Ya duba littafinsa, inda ya rubuta wane gudu ne ke tafiya da wane ƙarfi a irin wannan kwaɓin, sannan ya ɗauki alli ya nufi ginshiƙi. Hukuncinsa kalma biyu ne, ko "A CIRE" ko "A BARI", da kwanan wata a ƙasa.

Littafin nan ba daga sama ya faɗo ba. Duk ranar zubi sai ya ɗebi kankaren a 'yan akwatunan ƙarfe, ya yi ƙananan tubala. Wasu a kai ɗakin gwaji, inji ya matse su har su fashe a ga ƙarfinsu. Wasu ya bar su nan gindin ginin, su sha rana da sanyin da bim ɗin ke sha. 'Ya'yan Likita muke kiran su. Mai gadi ya ce ko ranar hutu sai ya zo ya leƙa su, ya gyara musu buhun da ya lulluɓe su da shi, ya yayyafa musu ruwa daidai yadda aka yi wa dekin, ba ƙari ba ragi. Ya ce, "Wallahi ni 'ya'yan cikina ban lallaɓa su haka ba."

Shugaban magina ma yana da nasa labarin, kuma shi ya ce in rubuta. Wata rana an kwance katakon wani ginshiƙi, ya fito sumul gwanin sha'awa. Likita ya bi shi da kawunansa daga ƙasa zuwa sama, da ya zo daidai ƙugu sai ya tsaya, ya sake shafa giris, ya sake mannawa. Ya ce a fasa nan. Shugaban magina ya yi rantsuwa har da dukan ƙirji cewa shi da kansa ya sa injin girgiza a wurin. Aka kawo kurfi aka fasa. Rami ne a ciki, hannu ya shige har wuyan hannu, tsakuwa zalla ba siminti. Kowa ya zuba ido ya ji irin wankin da za a yi wa mutumin. Likita ya ja shi gefe, ya nuna masa yadda rodi ya yi cunkoso a wurin har ya hana kankare sauka, ya gaya masa yadda zai karkata injin a gaba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, sai aka shiga gyara.

Kada kuma a ɗauka shi mai jan aiki ne kawai. Na tuna wani wata mai zafi da ya rubuta "A CIRE" saura kwana uku lissafin kalanda ya cika. Injiniya ya yi turus. Likita ya buɗe masa littafi, ya nuna masa lamba a gefen lamba, har ya gamsu ya sa hannu. Ranar saura kaɗan in rungume shi a gaban mutane. Matarsa kuwa, wadda nake kira Yaya, kullum kukanta ɗaya ne. Ta ce, "Ni na daina zuwa gidan mutane da shi. Ana gaisawa yana ƙwanƙwasa musu bango. Ranar nan gidan surukanmu muka je, na juya na gan shi ya kafa wa rufin falo ido, na ce don Allah ka rufa mini asiri."

Kai ne mai kunnen da ya fi namu, Likita. Kai ne wanda ba a taɓa jin ya ce "ina jin ya yi" ba, sai dai ka ce ya yi, ko bai yi ba, ko ban sani ba tukuna. Mutane nawa ke kwana su tashi a ƙarƙashin rufin da ka saurara, ba su san kamanninka ba, ba su ma san akwai mai irin aikinka ba. Sunan mai gini ake rubutawa a allo, sai na ɗan kwangila, sai na injiniya. Naka rubutun na alli ne, mai shafe yana zuwa ya rufe shi.

Yanzu ga labarin da na zo faɗa.

Wani bene mai hawa huɗu muke yi, muna hawa na biyu. Akwai wani dogon bim da ya ratsa saman babban zaure, babu ginshiƙi a tsakiyarsa. Ɗan kwangilar, Mai Agogo muke ce masa, domin ba ya gama jimla bai dubi hannunsa ba. Makon da aka yi zubin hadari ne da yayyafi da sanyi, rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Ga shi simintin da muka saba da shi ya yanke, an kawo wani. Kwana bakwai suka cika, Mai Agogo ya hau wuyana tun da sassafe: ina katako, ƙarfen sama ya iso, mutane na zaune. Likita yana wani wurin gini, ya aiko cewa in yanka tagogi, ƙarfe goma zai zo.

Na hau tsani na tarar da matsala. Bayan ya yi alamarsa, ni na zo na buga wani dogon katako a gefen akwatin don kada nauyin kankare ya sa shi ya yi ciki, kuma katakon ya bi ta kan alamar, rabinta kawai ke leƙowa. In zan yanka a daidai, sai na zare ƙusa ta fi talatin a kowane gefe. Na dubi ƙasa kaɗan, ga fili fes. Na ce a raina, yatsa huɗu me zai yi? Na yanka tagogi shida, uku nan uku can, duka a ƙasan katakon. Sauran allin da ke leƙowa na sa hannun riga na goge, don kada a yi mini surutu. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, a ƙasan bim ne rodi ke taruwa, kuma ƙarar nan in ta samu ƙarfe shi take bi, gudunta a ƙarfe ya fi na kankare nesa. Wato na shirya wa na'urar yadda za ta yi ƙarya.

Likita ya iso yana haki, Mai Agogo na binsa a baya yana ƙwanƙwasa gilashin agogo da farce. Ya ɗaga kai ya dubi tagogin, ya ce, "Sarkin Guduma, a kan alama suke ko?"

Na ce, "To ina za su kasance?"

Ya hau ya auna. Lambobi suka fito masu kyau. Na ga ya ɗan yi jim, ya sake mannawa, suka sake fitowa. Ya sauko ya rubuta "A CIRE" a ginshiƙi, ya koma inuwa da kofin shayi, ya jawo 'ya'yansa zai auna su don ya cike littafi. Mu kuwa muka shiga ƙarƙashi da guduma. Daga tsakiya ake fara sassauta tokara, kuma wanda ke tsakiyar ranar ƙanena ne, Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin bai daɗe da aure ba. Yana bugu yana waƙa.

Mun zare sanda goma sha ɗaya sai muka ji ihu. "A mayar! A mayar! Ku mayar da su!" Na juya na ga Likita a guje, takalmi ɗaya ya fita, shayi ya ɓare masa a wando, jakar nan tasa a yashe a ƙasa baki buɗe. Mutumin da sai ka matso kake jin muryarsa, ranar har masu wucewa a titi sun tsaya. Bai tsaya daga waje yana ba da umarni ba. Ya sunkuya ya shigo ƙarƙashin bim ɗin, ya ture Auta gefe, ya ɗauki sanda da hannunsa ya kafa, ya ce a buga. Nan ya tsaya tare da mu har sanda ta ƙarshe ta koma wurinta.

Mai Agogo ya taso kamar zai ci shi ɗanye. "Kai fa ka rubuta da hannunka!"

Likita ya ce, "Ni na rubuta, ni kuma zan goge." Ya sa tafin hannu ya share, ya rubuta "A BARI". Sannan ya ce, "Tubalan can da bim ɗin nan kwaɓi ɗaya ne, rana ɗaya aka zuba su, sanyi ɗaya suka sha. Tubalan sun ce ba su kai ba, bim ya ce ya wuce. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi mini, kuma ba zan bar mutum a ƙasa ba sai na san wanne ne."

Ya hau tsani, ya zaro tef, ya auna daga ƙasan bim zuwa taga. Ina tsaye ina kallon tef ɗin. Ya dubi lambar, bai dube ni ba. Ya ce, "Sarkin Guduma, a zare mini katakon nan, a yanka sababbi a nan." Na zare ƙusoshin da na ƙi zarewa da safe. Ya sake aunawa, ƙarar ta yi ta jan ƙafa. Da rana aka kai tubali ɗakin gwaji aka matse, ƙarfinsa da kyar ya wuce rabin abin da ake buƙata. Sai da aka ƙara kwana tara kafin ya yarda a cire. Da aka kwance, ga wata 'yar tsaga kamar silin gashi a ƙasan bim, daidai inda Auta ya tsaya. Babban injiniya ya duba ya ce ba ta da illa, amma da an ƙara zare sanda biyar ko shida, ba ya son ya faɗi sauran.

Aka ce a rubuta rahoto. Ga abin da Likita ya rubuta, na gani da idona: "An yi awo a wurin da bai dace ba. Mai awo bai tabbatar da wurin ba kafin ya yanke hukunci." Babu kafinta a ciki ko sau ɗaya. Ni ma an kira ni ofis an tambaye ni, na ce ni katako na sani, ban san na'ura ba. Na san in na faɗi gaskiya korata za a yi, kuma ba ni kaɗai ba, mutum bakwai ne a ƙarƙashina, tare ake ɗaukar mu tare ake sallamar mu. Da wannan na rufe bakin zuciyata. Shi kuwa aka cire shi daga wuraren gini, aka mayar da shi ɗakin gwaji yana wanke akwatunan ƙarfe shekara ɗaya da rabi. A tsakanin ne aka naɗa shugaban sashen awo, kujerar da kowa ya san tasa ce. Ta wuce shi, ba ta kuma sake zagayowa ba.

Sunan A-Mayar daga nan ya fito. Kuma ka ji abin haushi, wanda ya fi kowa iya kwaikwayonsa Auta ne. Lokacin cin abinci zai cire takalmi ɗaya, ya riƙe wando, ya taho a guje yana "A mayar! A mayar!", mutane su yi ta faɗuwa don dariya. Ni ma na yi dariyar. Wallahi na yi, ba sau ɗaya ba, kuma ita ce ta fi komai ci mini rai.

Da ya dawo wurin gini, ya gaishe ni yadda ya saba, har da tambayar ciwon bayana. Abu ɗaya ne ya canza. Kafin giris sai tef. Kowace taga, ko wa ya yanka, sai ya auna ta daga ƙasa, ya duba zane, sannan ya manna kawunansa. Shekara goma sha biyar da 'yan kai, duk lokacin da na ji ƙarar zarowar tef ɗin nan sai in tuna da ranar. Muka ci gaba da faɗanmu na katako, muka ci abinci a kwano ɗaya, ya zo sunan 'ya'yana, na je auren 'yarsa. Maganar nan dai ba ta taɓa fita daga bakina ba.

Ranar hutun da ta wuce, da la'asar, na je gidansa. Ƙofar falo a buɗe, an tokare ta da ɗaya daga cikin 'ya'yansa na kankare. Na same shi a tebur da tabarau, yana kwafe lambobin tsofaffin littattafansa cikin sabo, don wadda za ta gaje shi ta iya karantawa. Yaya ta kawo shayi tana tsokana: "Yau Sarkin Guduma da kansa? Katakon wa aka riƙe kuma?" Ta koma ciki. Na zauna ina juya kofi, na yi maganar ruwan sama, na yi maganar babur ɗinsa.

Na ce, "Yaya." Ban taɓa kiransa haka ba, sai ya ajiye biro. "Tagogin ranar nan, ni na saukar da su. Yatsa huɗu. Na kuma goge allinka, ka tambaye ni na yi maka ƙarya."

Ya ce, "Santimita bakwai da rabi. Yana nan a littafi na shida."

Na ce, "Ashe ka sani?"

"Tef ya gaya mini. Kuma na ga alli a hannun rigarka."

"To me ya hana ka faɗa? Ka bari aka yi maka abin da aka yi?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Abin da na rubuta a rahoton, akwai ƙarya a ciki? Na tambaye ka da baki, alhali tef na cikin aljihuna. Da lambar ta fito ta yi mini kyau fiye da kima, zuciyata ta ce tsaya, na dubi agogon mutumin nan na ƙi tsayawa. Wannan rabona ne, na ɗauka. Naka kuwa na ga kana ɗauke da shi, ban ga amfanin in ƙara maka ba. To daga ranar, ka taɓa kauce wa alama?"

Na ce, "Ko da faɗin farce."

Ya ce, "Ka gani. Da an kore ka, wani za a kawo mini wanda bai taɓa tsorata ba."

Ashe Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Fuskarta ba wasa. Ta ce, "Shekara ɗaya da rabi yana dawo mini da hannu duk ya tsattsage, ko cokali da kyar yake riƙewa. Ashe kai ne." Na sunkuyar da kai, na ce ni ne, Yaya. Can ta turo mini kofin da yatsa ta ce, "Sha shayinka kafin ya huce. Amma sai ka faɗa wa mutane." Likita ya ce a bar maganar, ta wuce. Ta ce, "Ba da kai nake ba." To ga shi na faɗa, Yaya. Likita ya yarda ne da sharaɗi ɗaya, cewa in rubuta har da nasa rabon, kuma na rubuta.

Daga gidan kai tsaye wurin Auta na wuce. Yanzu furfura ta fara fito masa, 'ya'yansa biyar. Na gaya masa komai, har da inda tsagar ta fito. Bai zage ni ba, ya tashi ya shige ɗaki. Washegari da na iso wurin aiki na tarar ya riga ni, yana tsaye a jikin ɗakin mai gadi. Likita ya zo, ya jingine babur, ya kwance jaka. Auta ya matsa ya miƙa hannu biyu, ya ce, "Yaya Likita, kawo." Likita ya dube shi, ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa. Sai ya miƙa masa. Mai gadi ya saki baki, masu yashi suka ajiye shebur. Auta ya rungumi jakar a ƙirji ya bi bayansa har sama, taku ɗaya ɗaya, Likita na cewa, "A hankali, kada ka girgiza ta."

Mun gode, Likita. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutun nan, ya bar ka da Yaya ku yi ta faɗan ƙwanƙwasa bango. Ku kuma masu tasowa, kafinta ne kai ko magini ko mai awo, ku ɗauki abu biyu a wurinsa. In aka yi alama, ku yanka a kan alama, ko ƙusa ɗari za ku zare. In kuma kun rubuta abu da hannunku kuka gane ba daidai ba ne, ku taso a guje ku goge a gaban kowa, kada ku tsaya neman takalmi.

Sunan nan kuwa, ban ce a daina kiransa ba, don na san bakin ma'aikata ba ya daina abu. Amma duk wanda zai ce A-Mayar daga yau, ya faɗa da ladabi. Albarkacin kalmar nan nake da ƙane.